Daɓen da Yaya Sale Ya Bari a Gona

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale, manomi a wani ƙauye da ke bayan Fulatan. Allah ya jiƙansa.

Yaya Sale mutum ne mai kafiya, in ya kafe ko jaki sai ya sara masa. Babbar 'yarsa tana aure a kudu, kuma kafin ya ji muryarta a waya sai ya hau keke har kusa da Rogo, don sabis ba ya isowa ƙauyen. Da wasu ma'aikata suka zo neman filin kafa ƙarfen sabis, bai shawarci kowa ba ya yanka musu gefen gonarsa mafi albarka. Suka zuba kankare, suka ce ƙarfe na nan tafe bayan damina. Tafiyar ke nan.

Shekara huɗu yana nome ciyawar da ke kewaye da daɓen nan, ko gyaɗa bai yarda a shanya a kai ba. Nakan tsokane shi in ce, "Yaya, wannan ai jiran gawon shanu ne." Sai ya harare ni. Da ciwo ya kwantar da shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ka bari a fasa. Za su dawo." Na ce to. 'Yar tasa ba ta samu labarin rasuwarsa ba sai da muka dawo daga maƙabarta, kuma abin yana ci mini rai har gobe.

Kwanan baya na ji a rediyo wai wayoyin zamani mai zuwa za su riƙa kama sabis daga tauraron ɗan'adam kai tsaye, a yi magana ko a tsakiyar daji ba sai da ƙarfe ba. Oh ni! Da yana raye me zai ce? Na san shi, murna zai yi. Ni kuwa sai na tambayi kaina: In har sama za ta wadatar, wa zai ƙara ɗauko ƙarfe ya kawo mana? Kuma ban ga alamar ƙananan wayoyinmu masu tocila ne za su kama tauraron ba.

Makon jiya Habu ɗan Yaya Sale, wanda gefen gonar nan mai daɓe ya faɗo a rabonsa na gado, ya same ni a Karaye, inda nake zaune. Ya durƙusa ya ce, "Baffa, iyali sun yi yawa, gona ta yi kaɗan. Ka yi mini izini in fasa."

Alkawari kaya ne, na kuwa ɗauke shi shekara bakwai. Amma ba zan ciyar da jikokinsa kankare ba. Na ce ya je ya fasa, alhakin yana wuyana.

Abin da zai saura na Yaya shi ne yardar da ya yi cewa ana tunawa da irinmu, kuma wallahi ni ban gaje ta ba. Da Habu zai tafi na ce masa ai da ya bugo waya, ba sai ya sha wannan hanya ba. Ya dube ni ya ce, "Baffa, da wane sabis ɗin?"