Wadda Inna Ba Ta Lissafawa

A ɗakinmu akwai wata alama da muke taƙama da ita: ɗigo-ɗigo baƙaƙe a leɓe, har cikin kumatu, kamar an yarfa tawada. Innarmu na da su, ni ma haka, da ƙanena mai bi mini. Matan unguwarmu a Tsafe cewa suke ado ne Allah ya ba mu kyauta, ni kuwa na hau na zauna. Ina budurwa ko jan-baki ba na shafawa, don kada ya rufe mini kayana.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ina koyarwa a wata firamare a Gusau, muna zaune a Sabon Gari ni da maigidana. Wata Talata da hantsi sai ga Inna an kawo ta daga Tsafe, tana murƙususu, ciki ya kumbura, sai amai take. Dama ta daɗe da ciwon ciki. Babu jiƙon da ba ta sha ba. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce tsutsa ce, kowa da nasa saƙe-saƙin.

Maƙwabciyarmu nas ce, Kirista daga kudancin Zariya, mijinta na aiki a reluwe, duk layin Sista muke ce mata. Tana taɓa cikin Inna ta ce a ɗauko mota, sai asibitin da take aiki. A ranar aka yi aikin. Likitan wani Ba'indiye ne siriri mai tabarau, Hausarsa ba ta wuce “sannu” da “ina ciwo” ba, don haka Sista ce tafinta. Ya ce hanji ne ya shige cikin hanji, kamar hannun riga idan aka tuɓe ta da sauri, kuma wani tsiro ne ya ja shi ciki. Ba ma ɗaya ba ne. Ya nuna mana su a kwalba, manya kamar kanya, ƙanana kamar gyaɗa. Da Inna ta warware aka nuna mata, ta daɗe tana kallo, ta ce, “Ashe kasuwa anka ci cikina ban sani ba.”

Kwana uku da aikin, likita ya zo zagaye. Ya ce Inna ta buɗe baki, ya haska tocila. Ya juyo ya ƙura wa leɓena ido, har na ja gyale. Sai murna yake, yana zuba Turanci. Sista ta ce wai wannan ciwo a littafi kawai ya taɓa ganinsa. Ɗigon leɓe da tsiron hanji tafiyarsu ɗaya, kuma gado ne. Ba ciwon daji ba ne, amma idan aka bar tsiron yakan tsiyayar da jini a ɓoye, ya toshe hanji, wani ma ya rikiɗe daga baya. Gaskiya raina ya ɓaci. Shekara ashirin da uku ina yanga da abu, mutum ya zo daga wata duniya ya ce tambarin cuta ne.

Sai ya tambayi Inna 'ya'yanta nawa, yana so ya duba kowa.

“Huɗu,” in ji Inna.

Mu biyar ne. Akwai Yayarmu, 'yar fari, wadda tun yaye aka ba gwaggonmu riƙo a Bunguɗu, can ta girma, can ta yi aure. Inna mace ce mai kunyar ɗan fari ta bugawa a jarida. Ba ta kiran sunan Yaya, ba ta yi mata magana baki da baki, ba ta sa ta a lissafi. Idan ya zama dole sai ta ce “waccan ta Bunguɗu”. Abin da har yau nake jin haushin kaina a kai shi ne, ina tsaye a wurin, ni malamar makaranta mai koyar da lissafi, na ji ta ce huɗu, kunnena bai ko motsa ba. Tun tasowata huɗu take cewa.

Aka tattaro mu huɗun. Biyu ba su da ɗigo, aka sallame su suna yi mana dariya. Ni da ƙanena aka hana mu abinci, aka ɗura mana wani farin ruwa mai kauri, sai ka ce kunun alli, sannan aka ɗauki hoton cikinmu. Ƙanena ya rantse da a sake ba shi gara a yanka shi. An ga ƙananan tsiro a nawa cikin, likita ya ce ba na taɓawa ba ne tukuna, in riƙa zuwa ana dubawa. Muka koma gida muna ganin an gama.

Bayan an sallami Inna tana jinya a gidana, Yaya ta zo dubiya da ƙwaryar fura da kaza biyu. Ta rame ƙwarai. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaida Inna, Inna ta amsa tana kallon bango. Ana haka Sista ta shigo duba ɗinki. Ta kalli Yaya, ta sake kallonta, ta matsa ta ja fatar idonta ƙasa. Fari fat, babu jini.

“Wannan fa?”

Na ce, “Yayarmu ce.”

“Uwa ɗaya?”

“Uwa ɗaya uba ɗaya.”

Sista ta ɗora hannu a ka. “Mama! Ba huɗu kika ce mana ba?”

Inna ta gyara kwanciya ta ce, “Huɗu na ce.”

Ashe Yaya ta fi shekara tana fama da murɗar ciki da jiri, ana ba ta maganin shawara. Ɗigon leɓenta kuwa ya fi na kowa yawa. Sista ta yi mata bayani dalla-dalla, amma Yaya ta yafa gyalenta ta ce, “An yanka Inna, ni ma a yanka ni? Ragunan layya munka zama? Ai ni ba ni cikin lissahi, a bar ni yadda nike.” Tana dariya ta faɗa, amma na ji ɗacin maganar. Kafin la'asar ta hau motar Bunguɗu.

Sista ta gaya mini gaskiya: idan abin ya toshe mata a ƙauye, ba lalle a iso da ita da rai ba. Na shiga ɗaki, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa Inna murya. Na ce, “Inna, kunyar nan taki za ta kashe ta.” Ta juya mini baya. Na fita ina kuka, ina jin tsoron kada Allah ya kama ni.

Da safe na tarar ta ɗaura zanen fita, tana riƙe da ciki. Ta ce, “A nemo mota.”

Da muka isa Bunguɗu, mun sami Yaya tana sussuka a tsakar gida. Aka yi wa Inna shimfiɗa, ta ja tabarmar ta fuskanci rumbu, ta ba Yaya baya. Ta yi gyaran murya.

“A gaya ma masu gidanga, yankan ba shi da zahi. Barci akan sa mutum.” Ta sassauta zane ta nuna wa rumbu tabon. “A gaya musu kuma, wanda yaz zo da ɗinki cikin mota har Bunguɗu, ba yawo yaz zo ba. Ba ni tashi nan sai da su.”

Matan gidan suka toshe baki da gefen zane. Ni kaina cizon leɓe nake. Yaya ta jingine taɓarya, ta kalli turmi ta ce, “A gaya ma baƙi, an jiya. A bari in ɗauko kayana.” Mijinta, bawan Allah, shi ya riƙo mata jakar har tasha.

Hoto ya nuna tsiro da yawa, ɗaya ya kusa rufe hanya. Sai da aka yi mako biyu ana gyara mata jini, har maigidana ya ba da nasa yana cika baki, ya tashi jiri ya kwashe shi. Ranar aikin da safe aka ɗora ta a gadon turawa. Inna na zaune a benci can gefe da carbinta, kamar wadda ta rako wani. Sun kusa ƙofar tiyata sai na ji an kira sunan Yaya, sunanta na yanka, da ƙarfi. Yaya ta ɗago tana waige-waige, ba ta gane muryar ba, don ba ta taɓa jin sunanta a wannan bakin ba.

“Ki dawo mini,” in ji Inna. “Kin jiya?”

“Na'am, Inna,” in ji Yaya, ƙofa ta rufe.

Aikin ya yi kyau. Yaya ta yi ƙiba daga baya har muna tsokanarta, ta aurar da jikoki. Amma a ranar, da ta farfaɗo bayan azahar, idonta na lumshewa, ta jawo hannuna ta ce a hankali, “Ke, da gaske Inna ta kirai sunana, ko maganin barci ne?”

Inna na zaune a ƙarshen gadon, ta juya baya, tana matsa mata ƙafa. Ba ta waiwayo ba, ba ta kuma saki ƙafar ba.

Ta ce, “A ce mata maganin barci ne.”