Mai Murfi da Buhu Huɗu

Ranar sha ɗaya ga Yuni, shekara uku da suka wuce, ya fara shigowa ma'ajiyar ƙungiyar manoman auduga. Buhu huɗu na takin zamani ya saya, kuma sai da ya latsa kowanne ya tabbatar bai dunƙule ba. Akawu ya tambaye shi ko gonar babba ce.

"Ƙarama ce, malam. San nomana na sayar, shi ne kuɗin nan."

Mai Murfi ake ce masa, saboda da murfin kwalba yake awon taki: ya tona rami kusa da gindin shuka, ya juye murfi ɗaya, ya rufe da dunduniya. Audugar kuwa kamfani ke saye ya fitar ƙasashen waje, kuma ba ya faɗin farashi sai an gama tsinka.

Sai ruwa ya ɗauke. Kwana tara, kwana sha biyu. In ya zuba a busasshiyar ƙasa, taki ya ƙone shuka. In ya jira, lokaci ya wuce. Buhunan na jingine a ɗakinsa bisa katako. Kullum sai ya latsa su, ya fita ya duba gabas, ya dawo.

"Maigida, ko in kai maka kujera waje?" in ji matarsa. "Ka ishi sama da kallo."

Bai yi dariya ba. Duk sanda ya wuce turken san da ya sayar, sai ya kau da kai.

Rana ta sha biyar hadari ya haɗo. Wansa, wanda gonakinsu ke iyaka da juna, ya hau watsa nasa takin da hannu.

"Kai dai tsaya wasa da murfi har kaka!"

"Yaya, in hadarin ya wuce fa?"

"In ya zuba fa?"

Mai Murfi ya durƙusa yana juye taki da murfi, matarsa na binsa tana rufe ramuka. Rabin buhu suka binne kafin ruwa ya sauko. Ya zo da ƙarfi, ya kwashe takin wansa zuwa kwari. Mai Murfi ya binne ragowar nasa cikin kwana shida, ƙasa na da laima.

Audugar ta yi kyau, amma a shekarar farashi ya faɗi. Abin da ya samu bai kai kuɗin sa ba, maraƙi ya saya. Tun daga nan rabin gonar masara yake shukawa. Duk Yuni yana zuwa sayen buhu biyu, yana latsa su kamar da. Bana maraƙin ya fara jan garma.