Harafi Ɗaya Ya Tona Asirin Matan Awo

Lokacin da abin nan ya faru shekaruna ashirin da shida, ina gidan iyayena a unguwar Runjin Sambo, kuma ni kaɗai ce mace cikin masu rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani. Ina ji da kaina ƙwarai. Aikin da aka ce zai ci mako biyu sai in miƙa shi cikin kwana huɗu, don kowa ya san ba alfarma aka yi mini ba da aka ɗauke ni. Wannan gaggawar ce ta kai ni ta baro.

Wani asibitin haihuwa mai zaman kansa ya ba mu aikin manhajar da za ta riƙa tura wa masu juna biyu saƙon tunin ranar awo, aka ɗora mini. A sana'armu ba komai ake rubutawa daga tushe ba. Akwai ƙunshin manhaja da mutane ke rubutawa su ajiye a intanet kyauta, a buɗe, kowa na iya karanta cikinsa ya ɗauka. Na nemi ƙunshi mai tura saƙo, na ga sunan da na saba ji, na sauke na haɗa. Ban duba wa ya rubuta shi ba, ban buɗe ko layi ɗaya ba. Ya yi aiki, aka yaba mini, na hau kabu-kabu na koma gida baki har kunne.

Bayan wata biyu babbar ungozomar asibitin, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Mama, ta kira ni. Ta ce baƙin mutane na bugo wa matan awo waya, sun san sunansu, sun san watannin cikinsu, suna tallata musu magani. Abin da ya fi tayar mata da hankali wata baiwar Allah ce da ta yi ɓari sau uku, take ɓoye wannan cikin har ga dangin mijinta sai ya yi ƙwari. Aka kira lambar surukarta da ke rubuce a katinta, aka zayyana mata komai, har da yawan ɓarin. A ranar na buɗe ƙunshin nan. Harafi ɗaya ya bambanta sunansa da na gaskiyar. Mai shi bai taɓa ajiye wani aiki ba sai wannan, babu kuma wanda ya taɓa gyara masa komai. Can ƙasa na ga 'yan layuka suna kwafe duk abin da ke katin mace suna aikawa wani adireshi a waje. Minti goma kacal ya ishe ni ganowa.

Na shiga ofishin oga na faɗa masa. Ya ce in cire ƙunshin a ɓoye, mu bar asibitin da zargin da suka riga suka fara yi wa ma'aikacin da ke riƙe da katunan marasa lafiya. Na ce wallahi ba da ni ba. Ya ce in tuna sunan kamfani, in tuna garin nan ƙarami ne, babu mai sake ba ni aiki. Na ce masa laifin nawa ne, kuma ba zan rataya shi a wuyan magidancin da bai ji ba bai gani ba. Washegari na tafi asibitin da ƙafata, na tsaya gaban likita da Mama na faɗi abin da na yi. Aka cire ƙunshin, aka sanar da matan, aka wanke ma'aikacin. Kafin la'asar takardar sallamata ta fito.

Inna ta yi kuka, ta ce me ya kai ni. Baba, wanda ya tsufa yana aiki a kamfanin siminti na Kalambaina, cewa ya yi in ci abinci, ɗiyarsa ba ta kunyata shi ba. Na roƙi Mama ta haɗa ni da matar nan da aka kira surukarta. Matar ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta bar ni da Allah, ta tashi. Har yau ban sani ba ko ta yafe mini, kuma wannan ne kaɗai ke ci mini rai.

Akwai masu kirana wadda ta tona wa kamfani asiri. Su yi ta faɗa, da za a maimaita sai na sake tonawa. Masu cewa laifin manhajar kyauta ne su ma ban yarda da su ba, domin da a rufe take da ban taɓa ganin ɓarnar ba. An buɗe mini littafi, ni na ƙi karantawa. Don haka 'yan uwana masu wannan sana'a, kafin ku sauke ƙunshi ku karanta sunansa harafi bayan harafi, ku binciki mai shi da tsawon zamansa, ku ga ko wasu na kula da shi, ku bi sawun inda yake aika bayanai. In kuma kun riga kun yi kuskure, ku faɗa da bakinku, ko da aiki zai tafi. Ni na sami wani aikin. Asirin waccan matar kuwa, babu mai iya mayar mata da shi.