Kujerar Sallar Kakata

A aji biyu na sakandare na ajiye biro. Na sayar da rake, na yi kwandasta a hanyar Funtua zuwa Malumfashi, na yi sati uku a shagon gyaran waya har na ƙona wayar wani malami aka ce in je in huta. Duk inda na zaga sai in dawo gonar masara. Abu ɗaya nake so a duniya: babur nawa na kaina, in kama acaɓa in rabu da fartanya.

Kakata ta wajen uba a gidanmu take, kuma tana da wata tsohuwar kujera. Marigayi kakanmu ne ya zo da ita daga Nijar, can ya yi masinja a ofishin Turawan Faransa. Mazauninta siririn katako ne mai lanƙwasa, ƙafafun ƙarfe, na gaba sirara, na baya masu faɗi kamar an naɗe kwano. Koren fentin duk ya ɓare. Tun da gwiwoyin tsohuwa suka ƙi, a kanta take sallah. Ta gwada ta roba, ta ce santsi gare ta kuma ba ta da kunya, kana ruku'u tana buɗe ƙafa.

Wata rana da hantsi wani Alhaji ɗan Maraɗi ya yi sallama. Sana'arsa bin ƙauyuka yana neman tsofaffin kayan Turawa, wani ne ya yi masa kwatancen gidanmu. Na fito masa da kujerar zuwa zaure. Mutumin nan da babbar rigarsa ya durƙusa a ƙasa, ya kifa ta, ya ƙwanƙwasa ƙafar baya da zobensa ya kasa kunne, ya ɗauki hoton kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya faɗi kuɗi. Sai da na dafa bango. Babur ne sabo dal, har da canjin mai.

Na ruga ciki wajen tsohuwa.

"Amarya, yau kakarmu ta yanke saƙa!"

"Wace kakar? Ga ni zaune ban yanke komai ba. Miji ba cefane, me kuma ka ɓallo?"

Na gaya mata. Ta ci gaba da jan carbinta, har na fara cire rai. Can ta ce, "In babur ɗin zai zaunar da kai wuri ɗaya, a ba shi. Allah ai yana karɓar sallah ko a kan turmi."

Alhaji ya ce zai tura wa Baturensa hotunan, ya dawo jibi da kuɗi. Da zai shiga mota ya riƙe hannuna. "Samari, don Allah kada a wanke ta. Kada a goge, kada a ɗaure ko kusa ɗaya. Yadda take ɗin nan nake so, da dattinta."

Wannan maganar ce ta kashe ni.

Ina da aboki mai walda a bakin titi, kusan tare muka bar makaranta, shi dai ya riga ni da zango ɗaya. Ina ba shi labari ya ajiye abin da yake yi ya cire baƙin tabarau.

"Ya ƙwanƙwasa ƙafar?"

"Ya ƙwanƙwasa."

"Ya kasa kunne?"

"Har da rufe ido."

"Kai amma an yi sakarai. Kai a hankalinka akwai mai ba da kuɗin babur don ya zauna? Makuri ce a ciki!"

Kowa a wajenmu ya san labarin makuri, wata jar zaiba da ake cewa Turawan da sun ɓoye a cikin tsofaffin keken ɗinki da dutsen guga na gawayi. Ba wanda ya taɓa ganinta, amma kowa ya san wani da ya san wanda ya sayar ya gina bene a Kaduna. Abokina ya ce cokali ɗaya ya fi tirela. Ya ce gwajin ma ba wuya: a kara waya a jikin ƙarfen, in sabis ya ɗauke to tana ciki.

Na koma gida na kara. Sabis ya ɗauke ɗif. Ban tsaya tuna cewa a tsakar gidanmu sai ka hau katangar bayi kake samun sanda ɗaya ba.

Washegari tsohuwa na idar da walaha na ce zan kai kujerar a duba ta. Ta ce, "Duk inda za ka kai ta, azahar ta same ta a nan." Na ɗora a ka na fita.

Ba wuta, sai da muka tada janareta. Ya sa injin yanka a ƙafar baya ta dama, ni kuma na tara kwanon sha a ƙasa, ina lissafin ko in sayi babur ɗin duk da haka don tunawa da talauci. Ƙafa ta fita. Muka girgiza. Busasshiyar laka ta zubo, gidan zanzaro, da zanzaron kansa wanda ya mutu tun ban zo duniya ba.

"Bature ba wawa ba ne," in ji abokina. "Ba zai sa a dama ba, nan kowa zai fara dubawa."

Muka yanke ta hagu. Ɓawon gyaɗa guda biyu, sai kyankyaso mai rai, ya fito ya dube mu ya yi gaba.

"Ta gudu," ya ce. "Ba ta son ƙarar inji. Da zarto ya kamata."

Na ce ya yi sauri, don rana ta kusa tsaka. Ya mayar da ƙafafun ya liƙe, walda ta yi tudu kamar ƙurji, tartsatsi ya ƙona gefen katakon. Da ya ga fuskata sai tausayi ya kama shi. Ya ɗauko ragowar shuɗin fentin wani get ya feshe ta tas, har mazaunin.

"Wannan kyauta na yi maka. Wallahi yanzu sai ya ƙara kuɗi."

Fentin ya ƙi bushewa, a kan turmi tsohuwa ta yi ta sallah har washegari. Ranar da Alhaji ya dawo, da jakarsa a hammata, na fito da ita ina murmushin dole. Ya tsaya. Ya zagaya ta sau ɗaya. Ya nemi dakali ya zauna ya cire hula.

"Samari, me na yi maka?"

Na fara kame-kame, ƙarshe dai na faɗi gaskiya, har da kyankyason. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Waya ya ciro ya nuna mini bidiyo. Wani babban ɗaki ne a ƙasar Faransa, Turawa zaune reras, ga irin kujerar tsohuwa sak an ɗora a kan dandamali, ta ma fi tamu ɓarewa. Gwanjo ake yi. Wani mai ɗan guduma yana ta zuba magana, wannan ya ɗaga ɗan allo, wancan ya ɗaga, wata mata da waya a kunne tana ɗaga yatsa. Kuɗi na ta hawa.

"To me ke cikin tasu?" na tambaya.

"Iska."

"Iska?"

"Iska, samari. Wanda ya zana ta suke saye, wani gwani ne nasu da ya daɗe da mutuwa. Da fentinta na asali, da tsatsar, da inda hannun mutane ya cinye. Kai kuma ka kai ta an yi mata kaciya."

Daga bayan ƙyaure muka ji dariya. Ashe tsohuwa ta lallaɓo da sandarta tana saurare.

"Alhaji, yanzu nawa za ka saya?"

"Hajiya, ko kyauta, kuɗin mota ya fi ta."

"To albarka," in ji ta. "Maigida, ɗauko mini abata, an kusa kira."

Na kai mata ɗaki. Tana zama kujerar ta yi gefe, ashe garin liƙi ƙafar hagu ta gajarce da kusan yatsa biyu. Ta yi dama, ta dawo hagu. Ta dube ni, na dubi ƙasa. Na cire silifas ɗina na yanke dugadugin na cusa a ƙarƙashi, ta daidaita.

Da zan fita na tsaya a bakin ƙofa. "Amarya, ki yafe mini."

"Ni me na rasa? Da tawa kora ce, yanzu shuɗiya. Kai ne ka yanka babur ɗinka gida biyu." Ta gyara mayafi ta fuskanci gabas. "Tafi, ubanka na gona tun ɗazu. Fartanyarka na bayan rumbu. Ita dai kada ka kai ta walda, na rantse maka ba komai a cikinta."