Lambobi Biyu a Takardar Sabulu

Shagon Malam Anya bai fi a shimfiɗa tabarma biyu a cikinsa ba, amma kwaɗo uku ne a ƙofarsa. Yana tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin labule, a kan wani layi da ba ya rabo da hayaƙin motoci. A ciki akwai tebur ɗaya, kujerar baƙi mai gurguwar ƙafa, gwangwanayen fenti da suka bushe tun zamanin da yake rubuta alluna da buroshi, sai kwamfuta da ya juya fuskarta bango don kada mai wucewa ya leƙa. Sunan da iyayensa suka raɗa masa yana nan, amma layin ya manta da shi. Ko cewa ka yi masa yau gari da zafi, sai ya dube ka ya ce, "Anya kuwa?" Daga nan sunan ya bi shi.

Hannunsa kuwa ba a magana. Tambarin shago, takardar manna wa kwalba, allon makaranta, duk abin da ya zana sai ka tsaya ka ƙara kallo. Ba ya ƙarƙashin kowa. Shi ne mai gida, shi ne ma'aikaci, shi ne mai share shago, kuma yana alfahari da haka.

Ba a haife shi da zargi ba, koya masa aka yi. Yana da shekara ashirin da 'yan kai wani mai kantin takalma ya ce ya zana masa samfurin allo. Ya ɓata kwana huɗu a kai. Mutumin ya karɓi takardar ya ce zai nuna wa yayansa ya dawo. Bai dawo ba. Bayan mako guda sai ga zanen nan a saman kantin, wani ne ya kwafa da hannun da bai iya ba, har takalmin ya koma kamar kifi. Shekara goma sha ɗaya allon ya yi a wurin, kuma ta nan hanyar gidan Malam Anya take. Kullum sai ya gani, kullum sai ransa ya ɓaci.

Da ya koma aiki da kwamfuta sai ya ƙirƙiro wata dabara da bai taɓa faɗa wa kowa ba sai matarsa. Duk samfurin da zai tura wa mutum ta waya, sai ya juya lambobi biyu a cikin lambar wayar mai aikin da ke jikin zanen. In mutum ya dawo shago ya ce ya amince, sai ya gyara a asirce, ya kai wurin bugawa da kansa. In kuwa ya gudu da samfurin wurin wani, to ya bugo wa kansa wahala. Sau biyu tarkon ya taɓa kamawa cikin shekara tara, kuma waɗannan biyun sun ishe shi hujja har ƙarshen rayuwarsa.

Akwai wani zauren waya na masu irin sana'arsa, masu zane da masu ɗaukar hoto da masu haɗa bidiyo. Duk ranar Asabar yakan tura musu saƙon murya na nasiha, kuma, a faɗi gaskiya, rabin abin da yake faɗa zinariya ne. Yakan ce kada su raina ƙaramin aiki, mai kantin yau shi ne mai kamfanin gobe. Yakan ce su cika alkawari ko da za su kwana da yunwa, kuma kada su bari wani ya sa musu farashin hannunsu. Amma duk inda ya zaga sai ya dawo kan bakarsa: "Wanda ya shigo yana yi maka murmushi, dubi hannunsa, kada ka dubi haƙoransa." Matarsa, wadda malamar firamare ce, takan ji shi yana naɗar muryar a tsakar gida ta ce, "Malam, kai ko inuwarka ta biyo ka sai ka tambaye ta wa ya aiko ta."

Wata ranar Talata da hantsi wata mai sabulu ta shigo. Dattijuwa ce, ta haura hamsin, da tabarau a rataye a wuya da ba ta cika sawa ba. Ta zauna a gurguwar kujerar, ta fito da sabulai uku daga jaka, masu ƙamshin lemo. Ta ce ta bar aikin gwamnati, ta sayi tukwane da ma'auni na haɗa sabulu, ta ɗauki mata biyu na unguwarsu suna taya ta. Tana son takardar naɗe sabulun mai kyau, wadda za ta shiga kanti ba ta ji kunya ba. Ta miƙo masa wani ɗan kati da aka rubuta lambar sabon layin da ta saya musamman don sana'ar.

Ya faɗi farashinsa, ya ɗora ƙari a sama saboda ya san za a ja. Ba ta ja ba. Ta buɗe jaka ta biya duka nan take, ta ce, "Allah ya yi wa hannunka albarka, ɗana."

Da wani mai sana'ar ne, da ya yi hamdala. Malam Anya kuwa sai ya sha jinin jikinsa. Tana fita ya leƙa ya ga ta inda ta bi. Ta bi ta hagu, kuma ta hagu ne sabon shagon nan na buga takardu yake, mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, wanda ya kwashe masa masu kawo aiki uku a bara.

"Wa yake biya ba ciniki?" ya ce wa matarsa da la'asar. "Turo ta aka yi. So suke su ga yadda nake haɗa kala."

"Ko kuma mutuniyar kirki ce kawai," in ji ta tana duba littattafan 'yan ajinta.

"Anya kuwa?"

Duk da haka aikin ya shiga ransa. Ya zana reshen lemo da ganye uku a kan fari tas, rubutun ya yi shi siriri kamar na hannu. Shi kansa ya san ya daɗe bai yi abu mai kyau irin wannan ba. Da ya gama sai ya tsaya yana kallon lambar da ke ƙasa. Ta biya, ba ta da sauran dalilin gudu. Ya san haka sarai. Amma yatsansa ya riga ya saba: shida da takwas na ƙarshe suka koma takwas da shida. Ya tura mata, ya rubuta, "Ga shi, Hajiya." Ta amsa da saƙon murya mai tsawo, duk addu'a. Ya zauna jiran ta zo a yi maganar bugawa.

Ba ta zo ba. Mako ɗaya, mako biyu. A mako na uku matarsa ta aike shi babban kantin bakin titi sayen madara, sai ya yi kiciɓis da reshen lemonsa a kan kantar kaya, sabulai a jere sun kai talatin. Ya ɗauki ɗaya ya juya. Takwas da shida. Ya dawo gida ba madarar, bakinsa har kunne.

"Me na ce miki? Ta kai musu sun buga. To ga ta ga su."

Matarsa ta ajiye jan biron da ke hannunta. "Malam, matar nan ta biya ka. Zanen nata ne, ta kai inda ta ga dama. Ɗauki waya ka gaya mata."

"In ta ji a jikinta za ta zo da ƙafarta."

"Kai dai ka ji tsoron Allah."

Ya yi kunnen uwar shegu. Ranar Asabar ɗin nan saƙonsa na zaure ya fi na kullum tsawo. Bai ambaci kowa ba, amma ya ce musu su kiyayi masu addu'a da yawa. Aka yi ta turo masa alamar tafi.

Sai dai daɗin bai daɗe ba. Duk wucewar da zai yi ta kantin sai ya leƙa, ya ga sabulun yana raguwa, ana saye. Ya riƙa tsammanin ganin reshen lemon a jikin kayan wani da sunan shagon gilashi a ƙasa, don ya samu abin nuna wa matarsa. Bai gani ba. Sau biyu ya nemo lambarta a wayarsa, sau biyu ya mayar aljihu, yana ce wa kansa ai ita ya kamata ta nemo shi.

Bayan wata biyu ta zo. Ta rame, tabarau ɗin ma ba ta rataya ba. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta ajiye masa sabulai shida a leda. Ya gyara zama, ya haɗe fuska, yana jiran rigima.

"Shawara na zo nema, ɗana," ta ce. "'Yata ce ta ce mini kai ne mai ba mutane ƙarfin gwiwa a waya. Ni dai abin ya ƙi. Takarda dubu uku muka buga. Na zaga kantuna goma sha huɗu da ƙafata, na ba su na gwaji, na ce in ya karɓu ga lamba nan a jiki. Na raba a asibiti, na raba a makarantu. Ko mutum ɗaya bai kira ba." Ta fito da wata ƙaramar waya sabuwa fil, har da ledar fuskarta. "Kullum tana da caji. Har banɗaki nake shiga da ita. Na ce ko ta lalace ne, 'yata ta kira ni, ta yi ƙara lafiya lau. Sai na gane sabulun ne bai yi ba, mutane suna jin nauyin faɗa mini."

"A ina aka buga?" ya tambaya. "Shagon gilashin can?"

"Wane shago? Mijin 'yata ne, yana aiki a maɗaba'a. Ya ce wannan gudummawarsa ce. Ai ka turo ka ce ga shi, na ga ya yi kyau, na tura masa." Ta dube shi. "Akwai sauran wani abu ne da ban yi ba?"

Babu wanda ya taɓa gaya mata akwai samfuri akwai na gaske. Shi ya kamata ya gaya mata, kuma bai faɗa ba, domin in ya faɗa tarkon ya tashi a banza. Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa.

Ya zaro sabulu ɗaya daga ledar, ya kwafi lambar da ke jiki a wayarsa, ya kira, ya buɗe murya, ya ajiye a kan tebur. Ƙaramar wayar da ke hannunta ba ta yi motsi ba. Can aka ɗauka, ga ƙarar inji a baya.

"In maganar sabulu ce, na rantse zan tsine wa mutum!" wani ƙato ya daka tsawa. "Ni direban tankar ruwa ne! Wata biyu ba ni da sakat, wannan katan biyar, wancan katan goma, wata har kuka ta yi mini wai ya warkar wa ɗanta ƙuraje. Ku ƙyale ni!" Ya kashe.

Mai sabulu ta laluba jaka ta ciro tabarau, ta sa, ta kara sabulun da katin lambarta tana bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai ƙarshe sai ga hawaye, amma da murmushi a ciki.

"Ashe suna so," ta ce a hankali. "Ashe suna so." Ta share ido da gefen mayafi. "Kada ka damu, ɗana. Kuskure ne, kowa yana yi. Ni ma da na sa tabarau da na gani."

Ga ƙofa ta buɗe masa, faɗi-faɗi. In ya ce e, magana ta ƙare, har addu'a zai samu a kai.

"Ba kuskure ba ne, Hajiya. Da gangan na juya su."

Ya faɗa mata duka: dabarar, da shagon gilashi, da ranar da ya ga sabulun a kanti ya yi shiru. Yana magana murmushin yana barin fuskarta, har ya tafi gaba ɗaya.

"Tun mako na uku ka sani?"

"Na sani."

"Me na yi maka?"

Ya nemi amsa mai nauyi ya rasa, sai ta gaskiyar, kuma da ta fito shi kansa ya ji ƙanƙantarta. "Ba ki yi ciniki ba."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ranar Juma'a na sallami matan nan biyu," ta ce. "Ɗaya marayu huɗu take riƙo. Na ce mata ta yafe mini, ban iya sabulu ba."

"Zan gyara yanzu a gabanki. Zan buga miki sabo, dubu uku, ni zan ɗauki nauyi. Kantunan ma zan zaga da kaina in canza."

Ya juyo da fuskar kwamfutar wajenta, ya buɗe zanen, ya mayar da shida da takwas wurinsu. Ta matso ta karanta lambar a fili, ta sake karantawa. Daga nan ta bi ganyen lemon da ido, ta bi sunan sabulun, ta bi adireshin, ta bi har farin da babu komai a cikinsa. Ya ga abin da take nema, kuma ya san wanda ya koya mata.

"Babu komai kuma, Hajiya. Wallahi babu."

Ta miƙe, ta saka ƙaramar wayar a jaka, ta ja zif.

"Wataƙila babu," ta ce. "Amma ni ba zan iya sani ba. Bar shi, ɗana. Zan nemi wani ya zana mini sabo, ko da bai kai naka kyau ba."