Shekarar da Muka Ɗauke Baba daga Ƙauye

Bayan kaka ne yayana ya kira ni a waya ya ce in shirya in je gida, za a kwashe su Baba a mayar da su Belbeji. Ina Tanut a lokacin, a ɗakin mijina, da goyo a baya. Ban yi mamaki ba, domin an daɗe ana maganar, sai dai duk sanda aka tayar da ita Baba yakan ce a bari a ga damina mai zuwa. Wannan karon Yaya bai nemi shawarar kowa ba. Ya riga ya gina musu ɗaki a gidansa, kusa da lekol, wato makarantar bokon da yake koyarwa, ya kuma yi magana da mai motar kaya.

Ƙauyenmu yana gefen kwarin Tarka. Idon Baba ya fara tafiya ne tun ina budurwa, kaɗan-kaɗan, har ya daina bambance rana da inuwa. An kai shi asibiti a Damagaram, likita ya duba ya ce an makara. Inna ce ta ci gaba da riƙe gidan, ita ma ga gwiwoyinta sun fara ƙi. Rijiyar garin tana da zurfi, ba a jan ruwanta sai da dabba, samarin da suke taimaka musu kuwa sun watse, wasu Agadas, wasu Libiya, wasu wurin haƙar zinariya. Ƙanen Baba da iyalinsa ne kawai suka rage mana a garin, su ma da nasu nauyin.

Amma a cikin gidansa Baba bai yi kama da makaho ba. Ba ya riƙe sanda. Yakan fito daga ɗakinsa ya shafa bango, ya wuce turmin Inna, ya taɓa gefen rumbu, ya karkata zuwa turken awaki ya zuba musu dusa, sannan ya nufi gindin dogon yaro inda randar ruwa take binne har wuya, ya cika butarsa. Baƙon da bai sani ba zai iya yini a gidan bai gane komai ba.

Na tarar Yaya ya riga ni zuwa. Ya gaya mana ɗakin Belbeji ɗaya ne da 'yar rumfa, ba zai ɗauki kayan gida guda ba, don haka a raba kaya: na tafiya, na kyauta, da waɗanda za a bari. Inna ta ce to. Ba ta musu da shi, ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira. Sai dai da zarar ya fita zaure, sai in ga ta lallaɓa ta zaro wata tsohuwar ƙwarya daga kayan kyauta ta cusa a ƙarƙashin na tafiya. Idan ya dawo ya gani ya mayar, ta jira ya sake fita. Akwai wani akushi mai ɗinki a baki da ya yi ta kai da komo a tsakaninsu, har na ɗauke shi na sa cikin jakata don a huta.

Ni da ita muka sauke jeren ɗakinta. Kwanukan sun yi shekaru ba a taɓa na sama ba, bayan kowanne akwai gidan zanzaro da ƙura. Muka wanke su da toka, muka naɗe su cikin tsofaffin zannuwa, muka jera a adaka. Da bangon ya fito fili, sai ɗakin ya zama ƙarami, baƙi, da tsaga daga sama har ƙasa wadda ba wanda ya san da ita. Inna ta tsaya tana kallonta, ta ce ashe ɗakin ma ya gaji.

Sai aka buɗe rumbu. Dammunan hatsi ba za su shiga mota ba, dole a sussuke a zuba a buhu. Matan maƙwabta suka zo da turamensu, aka yi ta aiki a tsakar gida, ƙaiƙayi ya cika ko'ina. Ba a yi waƙa ba kamar yadda aka saba. Baba yana zaune a kan buzunsa a ƙofar ɗaki, ya ce a miƙo masa dami ɗaya. Ya kwance shi, yana bin zangarniya ɗaya-ɗaya da yatsunsa, mai kauri da cikar ƙwaya ya ajiye dama, sauran hagu. Iri yake warewa, kamar kowace shekara. Yaya ya buɗe baki zai yi magana, domin a gidansa ko wurin shuka kuɓewa babu, Inna ta dube shi ya yi shiru. Ta kawo tsumma ta ɗaure irin, ta sa a cikin kayan tafiya, wannan kam Yaya bai taɓa shi ba.

Awakin aka ba wani Bafulatani, abokin Baba na tun ƙuruciya, ya haɗa da nasa ya yi kiwo. Jakin ya koma gidan ƙanen Baba, tare da sungumi da hauya da gatari. Washegari da safe na ga Baba ya tafi turke da ƙwaryar dusa a hannu. Ya tsaya yana ɗan kiran da yake yi musu da harshe. Ba abin da ya motsa. Ya daɗe a tsaye kafin ya tuna, ya juyo, a hanya ya yi karo da buhunan da aka tara inda da babu komai. Daga baya ya buge ƙaurinsa da turmi, domin an gusar da shi bakin zaure. Duk abin da aka ɗaga daga mazauninsa, wata hanya ce ta ɓace masa, mu kuwa hankalinmu yana kan igiya da buhu.

Randa ita ce ta ƙarshe. Yaya ya so a bar ta, ya ce can akwai famfo. Nan ne kaɗai Inna ta tsaya kai da fata, ta ce ita ba za ta sha ruwan jarka mai zafi da tsufanta ba. Da hantsi Yaya da ɗan ƙanen Baba suka haƙe gefenta, suka ciro ta, suka naɗe ta da tsohuwar tabarma suka jingine. Ana cikin haka aka kira su wajen mai gari kan maganar gona, wadda za a bar wa ƙanen Baba aro. Suka tafi ba a cike ramin ba.

Ina ɗakin Inna ina ɗaure katifa aka kira azahar. Sai na ji wani abu ya faɗi kamar an yar da buhu, na ji buta tana gangarawa. Na fito da gudu. Baba yana kwance rubda ciki a gindin dogon yaro, ƙafa ɗaya cikin rami, goshinsa ya bugi saiwar itacen, jini yana bin girarsa. Hularsa ta yi gefe. Tunda nake ban taɓa ganin kan mahaifina a ƙasa ba. Yaya ya shigo daidai lokacin, ya ruga ya kama shi ta hammata.

"Sake ni," in ji Baba.

Ya sake shi. Baba ya zaro ƙafarsa, ya zauna, yana lalube a ƙasa da hannu biyu. Inna ta gane abin da yake nema, ta ɗauko hular ta kakkaɓe ta sa masa a hannu. Sai da ya sa ta a kai ya yi magana.

"Wa ya haƙa rami a gidana?"

Inna ta ce, "Malam, randar ce aka cire."

Ya ce to. Na wanke masa goshi da ruwan gishiri, na ɗaure da ƙyalle. Bai yi faɗa ba, da ya yi da mun fi samun sauƙi. Ya yi alwala da ruwan da na kawo masa, ya yi salla a zaune saboda idon sawun ya kumbura. Bayan ya sallame ya ce wa Inna ta nemo masa sanda. Daga wannan rana bai sake tashi daga buzunsa ba sai an riƙe masa hannu, ko bayan gida zai je.

Da la'asar Yaya ya ɗauko guduma ya nufi ƙofar ɗakin Baba. Ƙyauren ƙarfe ne, Yaya da kansa ya saya wa Baba shekarar da ya fara aiki, yana so ya cire ya sa a madafa can Belbeji. Bugu ɗaya ya yi Baba ya ɗaga kai ya tambayi me ake bugawa. Yaya ya gaya masa, ya ƙara da cewa in an bar shi a nan wani ne zai zo ya ɓalle shi kafin damina.

"Ka bar shi," in ji Baba. "In an ɓalle, ɓarawo ne ya ɓalle, ba ɗana ba."

Yaya ya ajiye gudumar ya fita. Na same shi a bayan rumbu, zaune a kan dutse, ya haɗa kai da gwiwa. Ya tambaye ni ko ni ma gani nake mugunta yake yi. Na ce a'a. Sai ya gaya mini abin da aka ɓoye mini: da bazarar da ta wuce Inna ta faɗi a hanyar rijiya da tulu a kai, ta daɗe a kwance cikin rana kafin wasu mata su gan ta, Baba kuwa yana gida yana ta kiranta har la'asar. Ya ce tun daga ranar, duk sanda wayarsa ta yi ƙara sai ya ɗauka mugun labari ne. Na zauna kusa da shi.

Motar ta zo da sassafe. Mutanen gari suka taru, yawanci tsofaffi da mata, suka taya mu lodi: buhunan hatsi a ƙasa, adaka da gado a kai, turmi a kwance, randa a tsakanin katifu. Liman ya yi addu'a. Tsofaffin suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna kama hannun Baba, kowa ya faɗi ko shi wane ne, ko da yake ya san muryoyinsu duka, suna neman gafarar juna. Kafin a fita Baba ya ce in kai shi ƙofar ɗakinsa. Ya jawo ƙyauren da kansa, ya laluba ya sa kwado, ya jefa mabuɗin a aljihu. Babu komai a ɗakin sai ƙusoshi a bango.

Shi da Inna suka zauna gaba kusa da direba, ni da Yaya muka hau saman kaya, ɗana a cinyata. Hanyar rairayi ce, motar tana nishi tana tangaɗi. Inna ta ce mini daga baya duk tsawon tafiyar bai ce uffan ba, sai sau ɗaya da ya tambaya ko an wuce gonarsa, aka ce an wuce tuni.

Matar Yaya ta tarbe mu da fura da ruwan sanyi, ta share ɗakin ta shimfiɗa sabuwar tabarma, yara suna ta murna kakanni sun zo. Randar ta iso lafiya, ko tsaga babu, sai dai tsakar gidan siminti ne, ba inda za a binne ta, aka jingine ta a lungu. Muna cikin sauke kaya aka kira salla daga masallatai da yawa lokaci guda, ta kowane gefe. Na kai Baba ya yi alwala, na shimfiɗa masa buzu. Ya tsaya a kai yana juya fuska dama da hagu, sannan ya kira ni a hankali, don kada yara su ji.

"Auta, ina ne gabas?"

Na kama kafaɗunsa na juya shi.

Damina biyu ya yi a gidan. Ba a rage shi da komai ba, ana kai shi masallacin Juma'a a bayan babur, jikoki suna rige-rigen ja masa sanda. Amma bai taɓa koyon gidan ba, daga ɗaki sai rumfa. Ya rasu da bazara bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a Belbeji. Inna tana nan har yanzu, ta saba da famfo da hayaniyar yara. Ranar kasuwa mutanen ƙauyenmu sukan biyo su gaishe ta, ta zaunar da su ta tambayi kowa da kowa, wa ya haihu, wa ya dawo daga tafiya, yaya ruwan rijiya. Ba ta tambayar gidan, su ma ba sa ɗauko maganar.