Tela da Buhun Sukari

Shekarun da Tela ya yi yana auna ƙugun mutane sun bar masa ciwo guda: bai yarda da ido ba. In ya shiga kanti, sai ya ɗauki ƙaramin gwangwanin madara a dama, babba a hagu, ya yi ta juya su yana neman inda aka rubuta nauyi, leɓensa na motsi. Mai kanti har kujera yake tura masa.

"Zauna, Tela. In ka gama jarrabawar ka tashe ni."

Wannan lissafin ne ya sa ya karɓe cefane daga hannun matarsa, don ita 'yar ƙulli-ƙulli ce, na yau daban, na gobe daban. Ranar da ya shigo da buhun sukari a kafaɗa yana nishi, ta dube shi, ta dubi ɗakin girkin da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki.

"Baban yara, shayi za mu fara sayarwa?"

"Raba kuɗin da kilo ki gani. Wannan zai kai mu har yara su koma makaranta, ya yi saura."

"In bai kai ba fa?"

"Ki karɓi cefanenki."

Ta ce ta ji.

Lissafin Tela ba shi da kuskure, bakinsa ne ya cuce shi. Duk wanda ya zo gidan sai ya ja shi bayan ƙofa, ya nuna masa buhun, ya yi masa bayanin kilo. To, ba a nuna wa mutum buhu a bar shi ya tafi hannu rabbana. Yayarsa ta tafi da roba cike. Maƙwabciyar da a da take kunyar roƙon cokali guda, yanzu da kofi take shigowa. Mai guga na kusa da shagonsa ya saurari bayanin har ƙarshe, ya yaba, sannan ya zaro leda daga aljihu. Yara kuwa, shayinsu sai da cokali ya kusa tsayawa a ciki.

Hutu bai yi rabi ba buhun ya durƙushe. Tela ya auna shi da tef, ya ja layi da allin ɗinki, ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya koma kanti, ya sunkuyar da kai.

"Ba ni sukari, ƙananan ƙullin."

"Masu tsadar?" in ji mai kanti. "Ko in miƙo kujera?"

Haka ya riƙa sayowa yana juyewa a buhu a ɓoye, kowane ƙulli yana ƙona masa rai, don ya san abin da kilo ya kama a haka. Ranar wanki matar ta zazzage aljihun rigarsa, ledojin sukari suka zubo. Ba ta ɗaga murya ba, hannu kawai ta miƙa. Ya ajiye mata kuɗin cefane a tafin hannu.

Yanzu tare suke zuwa kanti, ita a gaba. In ta ɗauki ƙaramin sabulu sai ya matso, ya rage murya.

"Maman yara, ko matsakaicin ne ki duba, a giram ya fi..."

"Riƙe jakar da kyau, akwai ƙwai a ciki."